Farfela Mai Fiffike Uku

Ban taɓa son jirgin nan ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ni 'yar kan dutse ce, a Filato aka haife ni, ruwan da ya wuce gwiwa ba ni da harka da shi. Maigidana kuwa a bakin Binuwai ya tashi, a Numan, tun bai iya ɗaura wando ba yake tuƙa kwalekwale. Shekara da shekaru yana jan bas a Manchester, ranar da ya samu hutu sai ya kama hanyar Wales, inda ya ajiye wani tsohon jirgin ruwa da ya saya a hannun wani Bature abokin aikinsa. Irin jirgin nan ne mai doguwar sanda a tsakiya, a ja igiya a ɗaga ƙyalle, iska ta tura shi. Akwai ɗan inji a ƙasa da farfela, don shiga tasha da fita, amma shi kunyar kunna injin yake ji. Ya ce duk mako a kan inji yake zaune, ba zai zo teku ma ya hau wani ba.

A gidanmu na unguwar Gorton a Manchester, ƙyallen jirgin ya fi ni samun wuri. Da sanyi ya shigo sai maigidana ya kwaso shi ya shanya a kan matakala, gida ya ɗauki warin gishiri da danshi, ni kuma in yi ta mita har bakina ya gaji. Matan zumunta a coci suna tsokanata, wai na auri ɗan Binuwai ya rikiɗe ya zama Bature. Sau ɗaya na taɓa shiga jirgin. Na yi amai tun ba mu bar tasha ba, na rantse ba zan ƙara ba. 'Yarmu ce take binsa tun tana ƙarama, kafin aiki ya kai ta Birmingham.

A ƙarshen wata bazara ya dawo gida da farfelar a cikin buhu, fiffike ɗaya ya karye. Ya ce yana shigowa tasha igiya ta suɓuce masa, kafin ya kunna inji iska ta kai shi kan duwatsu. Na yi masa dariya, na ce yau ga ɗan ruwa ruwa ya ba shi kunya. Bai yi dariya ba. Ya zauna yana kallon hannunsa na dama, yana buɗewa yana rufewa.

Daga nan kofi ya fara faɗuwa. Maballin riga ya fara yi masa gardama. Likitan unguwa ya tura mu babban asibiti, aka yi ta gwaje-gwaje, rannan wata likita ta zaunar da mu ta faɗa mana a fili, yadda likitocin ƙasar nan suke yi, ba kara ba kewaye-kewaye. Ciwon jijiya ne mai cinye ƙarfin jiki a hankali. Ya fara da hannu, ba a nan zai tsaya ba, kuma ba ya komawa baya. Na ji kamar in tashi in mare ta. A wurinmu ba a yi wa mai ciwo haka. A ja 'yan uwa gefe a gaya musu, shi kuma a ce masa da sauƙi.

Ni kuwa ba sai an yi mini bayani ba. A gidan kula da tsofaffi da marasa lafiya nake aiki. Na yi wa masu wannan ciwon wanka, na ba su abinci da cokali, na san inda ake farawa, na san inda ake ƙarewa. Saboda haka tun a mota na kafa doka ba tare da na furta ta ba: ba za a yi maganar nan a gidana ba. Da ya buɗe baki na ce Ubangiji ne mai warkarwa, ba likita ba. Ya ajiye aikin bas, muka ce hutu yake yi. A coci aka yi ta addu'a, duk wanda ya tambaya sai mu ce da sauƙi. Ni kuma na riƙe abu guda na hana kaina saki: in bazara ta zo, zai koma teku ya ɗaga ƙyallen nan da hannunsa. Jirgin da na tsana shi ya zama abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Shi ya sa da ya ce mu je Birmingham mu sayo sabuwar farfela, har guɗa na kusa yi. 'Yarmu ta samo wani wuri kusa da inda take zama a Sparkhill, masu ƙera farfelar jirgi da tagulla. Sun ce a zo da tsohuwar su auna. Ni na ja motar. Duk hanya ina ta surutu, ina cewa bana har ni zan shiga jirgin in an samo mini maganin amai. Shi dai yana kallon titi, lokaci-lokaci ya ce mini in rage gudu, halin direba ba ya barin mutum.

Wurin wani dogon ɗaki ne mai sanyi a bayan shaguna, ƙasa duk garin tagulla. Wani dattijon Bature ya karɓi buhun daga hannun 'yarmu, wadda ta tarye mu a can. Ya auna faɗin farfelar da ramin tsakiyarta, ya duba ɓangaren da take juyawa, ya tambayi girman jirgin da ƙarfin injin. Maigidana ya ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, hannayensa biyu a aljihu. Sai mutumin ya ɗauko farfela biyu ya ajiye a kan tebur.

Ta farko siririya ce mai fiffike biyu. Ya nuna mana yadda take naɗewa ta rufe kanta in an kashe inji, kamar an haɗa tafin hannu, don kada ta riƙe jirgi in iska ce ke tura shi. Ya ce ta masu tafiya da ƙyalle ce, amma ba ta da ƙarfi sosai, musamman in za a ja da baya. Ta biyu mai fiffike uku ce, faffaɗa, ba ta naɗewa. In an kunna inji tana tura jirgi yadda ake so, tana tsayar da shi inda ake so. Amma in an ɗaga ƙyalle sai ta riƙa jan jirgin baya, ta rage masa gudu. Ya dubi maigidana ya ce abin da zai raba gardama tambaya ɗaya ce: da iska zai fi tafiya, ko da inji?

Ban jira ba. Na ɗora hannu a kan mai fiffike biyun na ce wannan za mu ɗauka, mijina ba ya tafiya da inji.

“Maman yara,” in ji shi da Hausa, a hankali, “bari mutumin ya gama.”

Ya juya ga dattijon da Turanci. Ya tambaye shi wacce za ta fi sauƙi ga wanda zai shiga tasha shi kaɗai, ba mai taya shi, da mutum a zaune cikin jirgin wanda ba zai iya kama igiya ba. Dattijon ya dube shi, ya dubi aljihunan nan biyu. Ya taɓa mai fiffike ukun.

“To ita za a ba mu,” in ji maigidana.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Na manta da Baturen da ke tsaye.

“Baban yara, me kake nufi? Kai da kake cewa inji abin kunya ne? Wannan za ta hana ka gudu, ba ka ji abin da ya ce ba?”

“Na ji.”

“To bana fa? In hannun ya yi sauƙi fa? Sai mu sake dawowa nan mu sayi wata?”

“Ba za mu dawo ba.”

“Ka daina irin wannan magana! Fasto ya ce…”

“Mum, please,” in ji 'yarmu, da Turancinta na 'yan Manchester. Sai ta ƙara da 'yar Hausarta mai tsami: “Ki bar shi. Ni zan yi driving ɗin jirgin. Mun riga mun yi magana.”

Ashe sun riga sun yi magana. Duk lokacin da nake tsaron ƙofa kada maganar ta shigo gidana, su suna yinta a waya in na tafi aiki. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin dattijon da ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba ya bukatar gogewa. Har yanzu hannuna yana kan mai fiffike biyun. Tagullar sanyi ƙalau. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, sai da maigidana ya ce, “Ina so in ƙara ganin ruwan ne kawai, tun ina iya zama. Ƙyallen ya gama nasa.” Sannan na ɗauke hannuna.

Aka naɗe mai fiffike ukun a takarda aka sa a kwali. Dattijon ya miƙo wa maigidana, don shi ne mai jirgi, sai ya tuna da hannayensa, ya karkata ya ba 'yarmu. Ta so mu tsaya mu ci abinci a Stratford Road. Na ce ba na jin yunwa. Ta sa kwalin a bayan mota, ta rungume babanta, ta zo za ta rungume ni na tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ta tafi tana share ido.

Muka shiga mota. Watannin nan duka, in mun shiga, nakan buɗe jakata in yi kamar ina neman wani abu, don in ba shi lokaci ya yi kokawa da bel ɗin kujera da hannu biyu ba tare da na gani ba. Rannan ma na buɗe jakar, na fara tone-tone. Ban ji motsinsa ba. Na ci gaba da tonawa, ina jira.

“Maman yara,” ya ce. “Rufe jakar nan. Zo ki ɗaura mini.”

Na rufe jakar. Na miƙa hannu ta gabansa na jawo bel ɗin, na gyara shi a kafaɗarsa yadda nake yi wa mutanen da nake kula da su a wurin aiki, na danna har ya kama. Hannuna ya san aikin sarai, bai ko yi rawa ba. Wannan ne ya sa ni kuka.