Na Ce Bahar, Ban Ce Maliya Ba

Jiya da la'asar aka yi yayyafi a Madina, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata na jiƙaƙƙiyar laka, mai shiga hanci ya ƙi fita. Maƙwabta suka fito ƙofar gida suna salati, yara suna tsalle a cikin ruwan. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. Haka nake duk sanda aka yi ruwa a garin nan, kuma na san dalili. Bari in faɗa muku, don na gaji da haɗiye shi.

A gidan Baffa na tashi, wan mahaifina, can wajen Ranuna kusa da Ƙuba. Mahaifina yana Khaibar yana aikin gonar dabino, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Saboda haka gida na Baffa ne, mota tasa ce, magana ma tasa ce. Kaka, uwar da ta haife su, tana ɗakin ƙasa kusa da ƙofa, ni ce nake kwana a wajen ƙafafunta.

A wani tsibiri cikin Tafkin Cadi aka haifi Kaka, iyayenta Hausawa ne masu bandar kifi. Amma ban taɓa jin ta ce masa tafki ba. Bahar take cewa, yadda Larabawan can suke kiran kowane babban ruwa mai daɗin sha, kogi ne ko tafki. In zafin Madina ya matsa, bango ya yi kamar tanda, sai ta jawo ni ta hau ba ni labarin gaɓar ruwansu: yadda suke takawa da hantsi ba takalmi, laka tana fitowa ta tsakanin yatsu, dogayen ciyayi suna kaɗawa, shanu masu ƙaton ƙaho suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. "Ƙawata," in ji ta, don haka take kirana, "a can in kin ji ƙishi, sunkuyawa kawai za ki yi."

Baffa kuwa yana yaro ya iso ƙasar nan, riƙe da gefen zanenta. Ya girma, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya buɗe shagon kayan mota a Sultana, ya sa farar jallabiya mai guga kamar za ta yanka mutum. Hausa yana jin ta kamar jakin Kano, wallahi ko raɗa aka yi sai ya tsinta. Amma in uwarsa ta yi masa magana, sai ya ɗaga gira ya ce, "Esh? Kallimini Arabi, ya ummi," wato "Me? Yi mini Larabci, Inna." In ta yi masa nata Larabcin na mutanen Cadi, wannan ya fi ba shi kunya. A hanyar masallaci gaba yake yi ya bar ta a baya, kada wani abokinsa ya ji bakinta ya ce masa Batakrure, sunan da ake kiran baƙin da suka fito daga ƙasashenmu. Ku ji fa! Mutumin da ta ɗauko a kafaɗa ta ratsa Sudan da shi.

Ina 'yar makarantar firamare, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ciwon sukari ya sauko wa Kaka a ido. Likita bai ɓoye ba, ya ce ganin ba zai daɗe ba, kuma ta riƙa taka ƙasa don jinin ya motsa. Wata safiya Baffa yana shan shayi ta lallaɓo ta tsaya a kansa. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, kafin fitilar ta mutu, ka kai ni bakin bahar in taka, in gan shi da idona."

A cikin maganar nan duka, kalma ɗaya ya ɗauka, bahar, don ita ce ta yi kama da Larabci. A bakin mutanen Hijaz kuwa bahar teku ne. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta ce, "Yaya, ba teku take nufi ba," ya ɗaga mata hannu ya ce shi ya san uwarsa. Kafin azahar duk unguwa ta ji cewa zai kai gyatumarsa shan iska Yanbu, can bakin teku. Abin da yake so ke nan, a ce ɗa ne mai biyayya.

Muka yi doguwar tafiya cikin rana, Kaka tana ta murna a bayan mota, ta ci ado da zanenta na Juma'a. Da muka sauka, wurin ba laifi: hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin ruwa, iyalai sun baza darduma, yara suna cin masara. Na kama hannunta. Tun kafin mu kai gaɓa na ji yatsunta sun ƙanƙame nawa, tana ta shaƙar iska kamar mai neman inda abu ya ƙone. Ta sunkuya da ƙyar, ta ɗebi ruwan a tafi, ta kai baki. Sai ta tofar.

"Tir! Maliya ce."

Ta juya wa ruwan baya ta zauna daɓas a kan yashi. A ranar na fara jin abin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Lokacin da suka tsallako daga Sawakin ta Sudan a jirgin ruwa, jaririyar da ke bayanta ta rasu a tsakiyar tafiya, masu jirgi suka naɗe ta a ƙyalle suka saka ta cikin ruwan nan. Baffa yana wurin, da wayonsa. Kaka ta ɗaga murya da Hausa, yadda duk na kusa sai da suka waiwayo: "Na ce bahar, ban ce Maliya ba! Kabarin ƙanwarka ka kawo ni shan iska?"

Kun san abin da ya dame shi? Ba kukanta ba. Waige-waige yake yi yana cewa, "Aib, ya ummi, aib," wai abin kunya ne, mutane suna kallo. A hanyar dawowa, da muka hango fitowar dutsen Uhudu, sai Baffa ya buga sitiyari ya rantse ba zai ƙara kai ta ko'ina ba.

Abin takaicin, bahar ɗin Kaka yana nan bayan gari. Da sanyi ya shigo a shekarar aka tafka ruwa, kwaruruka suka kawo, madatsar ruwan da ke gabas da gari ta cika ta yi tafki. Mutanen Madina ba sa wasa da irin wannan rana. Kowa ya kwashi iyalinsa da darduma da butar shayi, aka nufi bakin ruwa. Maƙwabta suna dawowa da laka a takalmi suna ba da labari, Kaka tana zaune a ƙofar ɗaki tana jin su. A lokacin tana iya bambance fari da ja, tana gane ni in na tsaya a haske. Mahaifiyata ta durƙusa wa Baffa har ƙasa, ta ce ga ruwa mai daɗi nan kusa, irin wanda tsohuwa take nufi. Ya ce, da Larabci mana, ya kai ta bahar ta tofar, khalas, magana ta ƙare. Motar tana ƙofar gida lulluɓe da rigarta, muna wuce ta safe da yamma, har ruwan ya janye ya bar busasshiyar laka mai tsagewa.

Shekarar da ta biyo ba a yi ruwan kirki ba. Wadda ta biyo bayanta aka yi, amma kafin nan fitilar ta mutu.

Wani maƙwabcinmu mutumin Cadi, mai ɗaukar kaya a a-kori-kura, shi ya ji labarin a bakin matarsa. Ko tambaya bai yi ba, yana jin kalmar ya gane. Aka yi sa'a mahaifina ya zo daga Khaibar, da Baffa ya tafi shago muka ɗora Kaka a gaban motar maƙwabcin muka tafi madatsar. Ruwan ja ne, ya kwanta shiru tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga 'yar hanya mai sauƙin bi ta zagaye gefensa. Kaka ta tuɓe takalmi ta miƙo mini. Ta taka laka, ta tsaya, ta motsa yatsun ƙafarta a ciki. Ta sa na sunkuyar da ita ta ɗebi ruwan ta kurɓa. Mahaifina ya ce, "Inna, da datti fa." Ko kula shi ba ta yi ba, ta haɗiye abinta ta ce, "Wannan ne."

Muka bi gaɓa a hankali, hannunta a kafaɗata, iska mai sanyi tana kaɗa mayafinta. Can ta ce, "Ƙawata, akwai tsibiri?" Akwai wani tudun dutse a tsakiyar ruwan da 'yar ƙaya a kansa, na ce mata akwai. Ta ce da mutane? Na ce farin tsuntsu ne guda ɗaya. Ta yi dariya ta ce ya fi mu wayo. Muka ƙara gaba kaɗan, sai ta ce a hankali, ba da ni take ba, "Da bara waccan ne, da na gan shi." Ba ta ƙara ko kalma a kan maganar ba, har Allah ya karɓi abinsa kafin zafi ya dawo. Ita ta iya haƙuri. Ni ban gaje ta ba.

Yanzu garin ya canza. An yi wuraren taka ƙafa a bakin kwaruruka, an shimfiɗa dutse, an kafa fitilu da kujeru, matasa suna yawo da kofin gahawa a hannu. Baffa ya tsufa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, kuma wani ikon Allah, Larabcin ne yake zubewa daga bakinsa, Hausar da ya binne ita ta taso. 'Ya'yansa da ya hana su koyo sai su tsaya a kansa suna cewa "Esh?", in sun gaji su kira ni a waya. Dangi suna ce mini in yafe, tsoho ne. To, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ina zuwa, ina ba shi magani, tunda likita ya ce ya riƙa takawa ni nake fita da shi, amma kada wanda ya ce mini ya wuce, bai wuce ba.

Yau da safe, bayan ruwan jiya, na kai shi bakin madatsar. Ya dafa kafaɗata daidai inda uwarsa ta dafa, muna tafiya yana jan ƙafa. Ya daɗe yana kallon ruwan da idanunsa biyu garau, sannan ya ce da Hausa, tiryan-tiryan, "'Yar nan, nan ne Inna ta so zuwa?"

"Esh" ɗin nan ya zo mini har kan harshe, na danne shi. Na ce, "Nan ne, Baffa. Daga ƙofar gidanka zuwa nan, ko shayi ba ya hucewa."