Buhun Waken Yaya

A shekarar da aka ba ni darasin ƙididdiga a wata sakandare a Gashua, na iso babin ɗiban samfur ban da abin nunawa. Ilimina ba mai zurfi ba ne, amma ba na koyar da abin da ban taɓa da hannu ba. Sai na je Nguru wurin yayana, na ari buhun wake ɗaya daga cikin wanda ya ajiye na iri da na cin gida har kaka.

Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo a tafi ya nuna mini. "Duba nan, Malam, ko ƙwaro ɗaya babu. Shi ne mafi kyau a ɗakin. Kada 'yan bokonka su dafa mini shi."

A aji na kafa doka. Kowa zai ɗebi wake ɗari, ya ƙirga masu huji, ya mayar, sannan ya je allo ya ɗiga alli a kan lambar da ya samu. Na ce musu ɗiba ɗaya tana iya ruɗin mutum, amma in aka yi ta maimaitawa, ɗigon zai taru ya yi tudu, gaskiyar buhun kuma tana kusa da tsakiyar tudun.

Goman farko suka ɗiba daga sama. Biyu, ɗaya, uku. Raina ya yi fari. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, ai bakin buhu kawai muke aunawa. Ko ƙasan ba ya cikin darasi?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ta fi ni gaskiya. Na sa aka shimfiɗa tabarma, aka juye buhun, aka cuɗa. Da na tura hannu cikin waken na ji ɗumi, wani gari kuma ya manne mini a yatsu, alamar ƙwari sun ci cikinsa.

Muka sake daga farko. Ɗigon ya bar gefen hagu na allo, ya koma can dama yana taruwa wajen talatin. Na yi ta jiran wanda zai samo uku ya rushe tudun. Har na ƙarshe ya zauna, ba a samu ba. Tudun ya fito yadda littafi ya zana shi, ban kuma taɓa yin darasin da ya shiga kansu kamar wannan ba.

Ranar Asabar na koma Nguru da buhun. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakin ajiya.

"Har ka dawo? Sun ƙoshi?"

"Yaya, kawo makulli. Kowane buhu sai mun juye shi ƙasa."

Ya dube ni, ya dubi buhun, ya miƙo makullin. Ina tura ƙofar, ɗumin nan ya fara tarbe mu.