Ƙirjin da na ara wa Yohanna

Yau Laraba. Kumburin ƙafata ya ɗan sace, sai dai jiri idan na miƙe.

Da safe jikata Hauwa ta kira ni daga Bosso. Ta samu jami'a, an ce sai ta kawo hoton ƙirji na gwajin tarin fuka. Tana magana tana tari. Ta ce, "Kaka, ƙanwata za ta tsaya a ɗauke ta a madadina."

Ni ma na taɓa tsaya wa wani.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, abokina Yohanna, mutumin Paiko, ya samu jami'a. Wata biyu yana tari. A ƙofar asibiti a nan Minna ya riƙe hannuna.

"Garba, ara mini ƙirjinka na minti biyar mana. Ba abin da kake yi da shi."

"In aka gane fa?"

"Haƙarƙari yana da suna ne?"

Muka yi dariya. Aka kira sunansa, na amsa, na tuɓe riga. Hoto ya fito tas. Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa. Shekara ba ta zagayo ba aka dawo da akwatin kayansa, shi kuwa can aka binne shi. Alhali tun a lokacin ciwon yana da magani.

Na ce wa Hauwa ta zo bayan azahar in raka ta asibiti, a ɗauki nata ƙirjin. Ku iyaye, ku gaya mini, na matsa mata ne?

Har aka yi magariba ba ta zo ba. Gobe da sassafe zan ɗauki sandata in nufi Bosso.