Muryar Gwaggo Tana Cikin Filogin

Ni ba masanin kwamfuta ba ne, malamin makaranta ne a Bebeji, mai karambani. Karambanin ne ya sa na buɗe wa mutanenmu shafi a intanet don ajiye labarin tsohon garinmu, wanda ruwan Tiga ya shanye tun kafin a haife ni. Na bi tsofaffi gida-gida ina naɗar muryarsu da waya. Wadda ta fi kowa ba ni labari ita ce Gwaggo, yayar mahaifina. Tana tsinkar zogale tana zayyano mini unguwanni da rijiyoyi da tsamiyar da ake ɗaure jakuna, in na katse ta da tambaya ta galla mini harara.

Shafin ba ya kunna murya da kansa. Sai an jona masa wata 'yar manhaja da ake kira filogin, wadda ake ɗaukowa kyauta daga wani babban rumbu a intanet. Wanda na zaɓa ya burge ni. In ka taɓa wuri a taswirar garin da na sa a shafin, sai Gwaggo ta gaya maka gidan wane ne. Filogin ɗin ne ke adana muryoyin, a wani tsari nasa da babu mai buɗewa sai shi.

Gwaggo ta rasu da damina. Daga nan Baffa, ƙaninta, ya mai da shafin wurin hira. Duk Juma'a bayan an sakko daga masallaci sai ya zauna a zaure ya ce in taɓa masa gidansu. Har musu yake yi da ita, wai rijiyar gidansu ba a gabas take ba, Yaya ta manta.

Wata rana kamfanin da ke riƙe mana shafin ya sabunta na'urorinsa, filogin ya lalace. Aka ce abu mai sauƙi ne, in sauko da shi in sake jonawa. Na shiga rumbun, na tarar da layi ɗaya: an cire shi. Babu dalili, babu wurin saukewa, tsofaffin zubinsa ma duk an kwashe. Wayar da na yi naɗin da ita kuwa ta daɗe da mutuwa.

Na rubuta wa masu rumbun. Da amsa ta zo, suka ce an gano wata kafa da ɓarayi za su iya shiga ta cikinsa, mai shi ya yi shiru, don haka ba sa ba kowa. Raina ya ɓaci matuƙa. Na yarda a ɓoye shi daga sabon shiga, wannan daidai ne. To mu da kayanmu ke ciki fa? Su rubuta gargaɗi da jan tawada mana, su bar mu mu ɗauka, mu kwashe abinmu mu watsar da shi. Na faɗa musu haka cikin ladabi, na sake faɗa ba ladabi. Ba wanda ya ƙara kula ni.

Na kai kukana wurin wani mai gyaran kwamfuta a Kwanar Dangora. Ya ce akwai masu raba kwafi a lungunan intanet, amma sau da yawa suna cusa cuta a ciki, tana iya cinye abin da ya rage. Ya buɗe ma'ajiyar shafin ya nuna mini muryoyin a allo, ga su nan jere, har nauyinsu ana gani. Na yi ta kallo, babu abin da zan iya yi.

Na yi ta yi wa Baffa hanya-hanya, yau babu sabis, gobe babu caji. Ranar da na gaji na gaya masa gaskiya, ya daɗe yana murza hularsa.

"Ɗan nan, mu da za a sako ruwa, sai da aka bari muka cire ƙofofinmu muka kwashe hatsinmu. Su ba su yi shela ba?"

"Ba su yi ba, Baffa."

Ya karɓi wayar, ya taɓa gidansu a taswira da ɗan yatsansa, ya kara a kunne. Ya jima a haka kafin ya miƙo mini.

"Rijiyar nan fa a gabas take," in ji shi. "Na so in gaya mata."