Kibiya a Rufin Rumfar Mota

Asabar: daga Madain Fahd zuwa haraji

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na tayar da mota a ƙofar gidanmu na Madain Fahd, da tef ɗin awo a aljihu, da takardun mota a cikin leda biyu. Motar a-kori-kura ce, wadda a nan Jidda ake kira wanet. Ta kafilina ce, ubangidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, da ita nake kai masa kaya daga shagonsa na Sharafiyya. Ya yarda in ɗora mata rumfa a baya, ya kuma yi mini takarda, da sharaɗin kada in huda masa jikin mota.

Saboda matata Rabi nake neman rumfar. Tun da aka rushe unguwarmu ta Karantina muka koma ɗaki biyu a hawa na uku, tagarmu tana kallon bangon maƙwabci. Wata rana ta ce so take ta kwana inda za ta ga sama, ko da sau ɗaya. Na yi mata alkawarin dutsen Shafa da ke bayan Ɗa'ifa. Tanti ban yarda da shi ba saboda kunama. Rumfa mai ƙofa da makulli nake so.

Minti ashirin da biyar ya kai ni haraji, kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin gari. Na tarar ba a buɗe ba, na zauna a mota har bakwai. Da aka buɗe na duba rumfuna iri uku. Ta ƙarfe tana da ƙarfi, amma nauyinta zai danne mota, kuma da rana tanda ce. Ta faiba, wato roba mai tauri, ba nauyi, sai dai biyu da na ƙwanƙwasa duk suna da tsaga da aka ɓoye da fenti. Na tsaya a kan ta alminiyam.

A can ƙarshen layi na ga wata fara, mai taga biyu, jingine da bango. Na auna ta sau uku, ta yi daidai da motata. Mai ita wani dattijo ne Bahaushe, zan kira shi Malam Buba, ko da yake ba sunansa ba ne. Ya ce riyal ɗari tara. Na fara zargi, domin irinta a layin gaba ta ninka haka sau uku.

"Malam, ta wa ce?"

"Taka ce in ka biya."

"Kafin ni fa?"

Ya kau da kai yana gyara wani tsohon murhu. "Ta wani Balarabe ce mai sayar da zuma a hanyar Shafa. Abu Salim."

"Akwai rasit?"

"Alhaji, nan haraji ne. Rasit ɗin tsohuwar rumfa? In ba ka so, halas, shi ke nan, ga mutane a bayanka."

Babu kowa a bayana. Amma na riga na yi wa Rabi alkawari, rumfar kuma ta yi daidai. Na biya, muka ɗaure ta da igiya. Tun daga nan har gida ina kallon madubi.

Litinin: wajen mai walda

Bayan la'asar na kai ta wajen Abdurrahman, mai walda, haifaffen Jidda, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Ya shimfiɗa roba a bakin akwatin mota, ya kama rumfar da maƙalai shida masu noti, ba a huda ko'ina ba. Ya yi gadon katako a ciki, ƙarƙashinsa wurin jarkar ruwa da tukwane. Ya sa ragar sauro a tagogi da ƙaramar fanka mai batir. Tukunyar gas na ce ba za ta kwana tare da mu ba, ya yi mata mazauni a bakin ƙofa inda za a sauke ta. Na sa ya feshe rumfar da ruwan tiyo minti goma ina kwance a ciki. Ko ɗigo bai shigo ba.

Ina kwancen ne na ga abin. A rufin, daidai saman fuskata, an zana kibiya da baƙin alƙalami, an rubuta alƙibla da Larabci. Kusa da ita akwai ƙonuwa kamar tafin hannu, ga kuma ƙugiyoyi huɗu na waya da wani ya lanƙwasa da hannu.

"Abdurrahman, wa yake zana alƙibla a cikin mota? Mota ai juyawa take yi."

Ya leƙo. "Wallahi ma adri, ban sani ba, ya ammi. In shafe maka da fenti?"

"Kada ka taɓa. In ta sata ce, wannan ce shaidar mai ita."

Ya yi dariya har ya ajiye guduma. "Kai dai ko ruwan Zamzam aka ba ka sai ka tambayi rasit."

Ban yi dariya ba. Na yanke shawara tun a nan: ba zan kwana a ƙarƙashin rumfar nan ba, ba zan yi sallah a inuwarta ba, sai na ga Abu Salim da idona. Tunda Shafa za mu, tafiyar ta zama ɗaya.

Juma'a: Jidda zuwa Ɗa'ifa

Shida saura kwata muka tashi. Rabi ta dafa shinkafa da kaza, ta cika fulas da shayi, ta ɗinka wa tagogin labule shuɗi. Mun yi kamar kilomita arba'in a babban titin Makka, sai na ga allon da ke nuna iyakar Harami tana gaba. In rumfar nan ta sata ce, ni zan ratsa da ita ta cikin Harami? Na kunna sigina, na sauka zuwa hanyar da ke zagaye Makka ta waje, wadda waɗanda ba Musulmi ba suke bi.

Rabi ta dubi allon, ta dube ni. "Alhaji, ka yi ridda ne ba ka gaya mini ba?"

"Ki daina irin wannan wasa."

"Hajji uku, ga ka a layin manyan motocin kwantena. Sannu da taƙawa."

Zagayen ya ƙara mana kusan awa guda. Ƙarfe takwas da kwata muka iso wani shingen bincike kafin hawan dutsen Hada. Ɗan sandan ya karɓi iƙamata, wato katin izinin zama, da ta Rabi da takardar kafili, ya ce in buɗe baya. Na buɗe. Ya leƙa, ya ɗaga katifa, ya ƙwanƙwasa gadon. Ina jira ya tambayi inda na samo ta, har na shirya in faɗi gaskiya ko me zai faru. Sai ya ce, "Masha Allah, gida guda ne. Yalla, Allah ya tsare." Rabi ta ce to ga hukuma ta wanke ta. Na ce hukuma gado ta duba, ba asali ba.

Hawan Hada na yi shi a giya ta biyu, ina sauraren ko maƙalan za su yi ƙara. Birai suna zaune a bakin titi kamar masu jiran mota. Tara da rabi muka shiga Ɗa'ifa, iska ta canza, Rabi ta sauke gilashi.

Hanyar Shafa: neman Abu Salim

Daga Ɗa'ifa zuwa Shafa bai kai kilomita talatin ba, kuma gefen hanya cike yake da masu sayar da zuma da rumman da inabi. Na tsaya a kowane tebur. Abu Salim uku na samu. Na farko bai taɓa mallakar mota ba. Na biyu ya zagaya rumfar ya ce in sayarwa nake yana so. Na uku tsoho ne, ya ba mu zuma a cokali, ya ce shekara talatin yana nan, bai san mai zumar da ya taɓa ɗora irin wannan ba, domin zafi yana ɓata musu kaya.

Ƙarya Malam Buba ya yi mini ke nan. Na ajiye motar nesa da masallaci, na je Juma'a da ƙafa, na roƙi Allah ya fitar da ni daga wannan abu.

Bayan la'asar muka sami fili a kan dutse, ƙarƙashin bishiyoyi, kusa da wasu iyalai masu tanti. Rabi ta ɗumama abinci, ta zauna tana kallon hazo yana hawowa daga kwari. Rabon da in ga fuskarta haka tun muna Karantina. Da sanyi ya sauko ta hau gadon, ni kuma na shimfiɗa tabarma a ƙasa, taku goma daga mota.

"Alhaji, shigo. Sanyin nan ba na Jidda ba ne."

"Ba zan shiga ba. Ke ma da kin ji tawa."

"Ni ba ni na saya ba. Sai da safe."

Ban runtsa ba. Bargo ɗaya ne, duwatsu a ƙarƙashina, ga tunanin kunamar da na ƙi tanti saboda ita.

Asabar: saukowa

Da gari ya waye Rabi ta miƙo mini shayi, ta ce, "Na kwana ina kallon kibiyar nan. Motar da ke yawo ba a zana mata alƙibla. Wannan a wuri ɗaya ta tsaya, ta daɗe. Kuma ƙugiyoyin nan na rataye kaya ne, mace ce ta jera su, ta ɗankwali daban, ta buta daban. Ba hutu aka je da ita ba, Alhaji. Zama aka yi a ciki."

Na ce wannan ya fi muni, an raba wani da ɗakinsa. Bakwai daidai muka sauko, muka sake bin zagayen. Sha ɗaya da minti goma na tsaya a gaban Malam Buba, na fara kwance noti.

"Lafiya, Alhaji?"

"Ka karɓi kayanka. Na je Shafa. Abu Salim uku na gani."

Ya buɗe baki. "Ka je har Shafa? Saboda rumfa?"

"A ƙasa na kwana."

Ya dubi maƙwabtansa, ya jawo ni bayan tarin kujeru, ya rage murya. "Ka ga ƙonuwa a rufin? Murhuna ne, ranar da iska ta hana mu girki a waje. Ka ga kibiya? Ni na zana wa matata, a zaune take sallah a ciki saboda idon mutane. Wata huɗu muka yi a cikinta bayan an rushe gidanmu, kafin mu sami ɗaki."

Na ce magana kowa zai iya yi. Bai yi fushi ba. Ya ciro waya, ya daɗe yana nema, ya miƙo mini. Ga rumfar a kan wata tsohuwar mota, ga shi tsaye a gefe da buta, a bayansa tarin ɓaraguzai. Na ƙara girman hoton. Na gane tankin ruwan da ke can baya, mai rubutu ja. Layi biyu ne tsakaninsa da tsohon gidanmu.

"To me ya sa ka ƙirƙiro mini mai zuma?"

"Da Balarabe ne kai, da na gaya maka. Amma kai ɗan gida ne. Gobe labari ya kai garinmu, a ce Alhajin da ke aiko da kayan sallah a bayan mota yake kwana. Na sa mata araha ne don in daina ganinta."

Mako guda ina kiran mutumin nan ɓarawo a zuciyata, har a cikin addu'a. Na ce ya yafe mini, na gaya masa dalili. Ya ce ya yafe, shi ma in yafe masa wahalar dutse. Rabi ta sauko da kwalbar zumar da muka saya wajen Abu Salim na uku, ta ce a kai wa Hajiya, matarsa.

Ya karɓa yana dariya, idonsa da ruwa. "Ka shafe kibiyar?"

"A'a."

"To bar ta."

Na tambaye shi ko zan iya rubuta wannan ga mutanen gida. Ya ce in rubuta, amma ban da sunansa da garinsu. Na cika.

Isowa gida

Na mayar da notin da na kwance, sha biyu da rabi muka iso Madain Fahd. Rabi ta hau sama da tukwane. Ni na tsaya ina gaba ina baya da mota a ƙofar gida, har mai shagon ƙasa ya fito ya tambaya ko giya ce ta lalace. Sai a karo na huɗu kibiyar ta daidaita da alƙibla. Na kashe mota, na yi azahar a masallacin layi, na dawo na buɗe tagogin, na kunna fanka, na kwanta a gadon da nufin minti biyar. Kiran la'asar ma ban ji ba, sai da Rabi ta sauko ta buga ƙofar rumfar, ta ce wanda ya ƙi kwana a kan dutse ga shi yana minshari a bakin titi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa kafilina da ya ara mana mota, da Abdurrahman da bai huda ta ba, da Abu Salim uku da na dama da tambaya. Malam Buba da mai ɗakinsa kuwa, Allah kada ya sake nuna musu kwanan da za su nemi alƙibla a rufin mota.