Baba Maharazu, Direban da Ya Tsayar da Mu a Bakin Kwari

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a tashar Dungas, Baba Maharazu ya riga ya iso. Daga masallaci yake zarcewa wurin tsohuwar motarsa ta jigilar Waca. Ya zagaya ta yana danna tayoyi, ya duba ruwa da mai, ya taka birki, ya cika jarkar ruwan sha, sannan ya yarda a fara lodi. Haka na san shi tun ina 'yar lakkol, wato 'yar makaranta. Bana idanu sun gaji, ya ajiye makulli, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Hinda mai tuwon tasha ta ce ba ta taɓa ganin ya bar yaro ya zauna a bakin ƙofa ba, kuma in kaya sun yi yawa sai ya sauke, ko na wane ne. Baƙo kuwa in ya tsaya tambayar hanya, to ya samu uba. Sai ya tambaye shi: takardunka na kusa? In jandarma ya ɗaga hannu, ka tsaya ka gaishe shi. Akwai ruwan yara? Mutanen gida sun san hanyar da za ka bi? Ka rage wa taya iska kafin rairayi, kuma kada magariba ta riske ka a daji.

Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa.

Da daminar bara ƙanwata Balkisu, wadda ke aure a Najeriya, ta zo da mijinta Hafiz da 'ya'yansu ƙanana. Suka ɗauke ni za mu suna a Waca. Hafiz bai taɓa tuƙi a ƙasar nan ba, ni kuma kullum a bayan mota nake zuwa, ban riƙe hanya ba. Muka ratsa tasha ya tambayi Baba Maharazu.

"Baba, don Allah wace hanya ce ta fi kusa?"

"Ɗana, ta kusa ba ta damina ba ce. An yi ruwa da asuba. Ka biyo bayana, inda na sa taya ka sa taka."

Muka bi shi cikin gonakin hatsi har bakin wani kwari. Ruwa na gudu, ja wur, amma a ido bai kai gwiwa ba. Baba ya tsaya, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana soka ƙasa. Bai yi nisa ba ya juyo.

"Ba mai ƙetarewa. Ƙasar ta ɓurma."

Fasinjojinsa suka hau gunaguni. Wani ɗan kasuwa, Nassirou, ya ce rana na yi, shi kuma yana da uzuri. Balkisu ma ta marairaice: "Baba, daga nesa muke, za a yi sunan nan ba mu."

"'Yata, gara a ce kun makara, da a ce ina suke."

Ya tara mu ƙarƙashin wata bishiya can nesa da gaɓa, ya ba yaran ruwa, ya hana su zuwa kallo. Muna nan zaune muka ji wani rugugi. Ruwa ne ya ƙaro daga sama, ya taho da kututture da karare, ya zabtare gaɓar da motoci ke hawa. Wurin da Baba ya soka sanda ya zama rami. Balkisu ta janyo autarta ta ƙanƙame, Nassirou sai salati yake.

Baba bai ce wa kowa "kun gani" ba. Ya juya da mu ta wata doguwar hanya ta kan tudu, yana tsayawa yana jiran Hafiz duk inda rairayi ya yi kauri. Mun shiga Waca an riga an raɗa suna, an watse. Innarmu ta fito tana ƙirga kawunan jikoki tana kuka.

Baba Maharazu, kai ne ka ɗauki fushin mota guda don kada uwa ta rasa ɗanta. Kai ne jagoran baƙo, wanda bai tambayi ƙasar mutum ba kafin ya ce "biyo ni". Mun gode, Allah Ya ba idanunka lafiya, Ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma direbobi da 'yan kabu-kabu da kuka gaji tashar nan, Baba na nan da ransa, yana zama a bencin Hinda da hantsi. Ku je ku tambaye shi hanya tun yana iya faɗa muku. In kuma kun ga mota da baƙuwar lamba da yara a baya, kada ku nuna da yatsa ku juya. Ku shiga gaba.