Matar da Ta Gasa Mana Muryar Lorna

Ƙarfe bakwai na safe Glenys Ackrill take buɗe rumfar da ke bayan gidanta a garin Hull na ƙasar Turawa, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a garinmu yawanci ana yi. Kafin ta ɗora butar shayi sai ta leƙa wani tsohon injin ƙyanƙyasar ƙwai da ke lungu, ta duba ma'aunin zafi, ta rubuta a jikin kalanda. Babu ƙwai a ciki. Tsofaffin tef-tef ne na ɗaukar murya, irin naɗin nan mai faɗin faranti, waɗanda damshi ya sa suka manne. Wajen wani mai kiwon kaji ta samo injin, ta ƙara masa zafi da hannunta, shekara ashirin ke nan tana gasa muryoyin mutane a cikinsa. Ƙarshen watan nan za ta rufe rumfar, don yatsunta sun daina riƙe reza yadda take so. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni Duncan mai ganga, da ban taɓa rubuta abin da ya wuce jerin waƙoƙi a bayan kwalin taba ba.

Ba ni kaɗai ne shaida ba. Ku tambayi Sheila mai soya kifi da dankali a bakin titinmu, wadda ta kai mata tef ɗin da mahaifinta ya busa ƙaho a bikin aurensa, bayan ambaliya ta kwana biyu a kansa. Yanzu shi take sa wa masu jiran kifi, suna so ko ba sa so. Amma namu labarin ne na sani ciki da waje, kuma ba mu fito da kyau a cikinsa ba.

Mu uku ne a ƙungiyarmu, Ruwan Laka, sunan da muka aro daga kalar koginmu. Lorna Blenkin ce mai waƙa, Gaz Thirkell mai jita, ni ina baya ina dukan ganga. Kiɗan rok muke yi, irin na 'yan gefe, wanda manyan gidajen rediyo ba sa sawa, mu kuma muna alfahari da hakan kamar mu muka hana su. A 1995 muka shiga wani situdiyon ɗaukar waƙa da ke saman shagon kafet, muka yi kwana tara, muka fito da waƙa goma a naɗin tef ɗaya. Saura mako biyu a buga faifai kamfanin ya rushe. Muka yi faɗa, kowa ya kama gabansa, tef ɗin ya ƙare a garejin Gaz ƙarƙashin gwangwanayen fenti, shekara ashirin da takwas.

Shekara biyu da suka wuce ciwon daji ya kama Lorna a maƙogwaro. Likitoci sun ceci ranta, amma sun cire inda murya take fita. Tana nan garau, tana tuƙa mota, tana masifa, sai dai a rubuce, a wani ƙaramin farin allo da take yawo da shi a jaka. Wata rana muna shan shayi a gidanta ta rubuta, ta juyo mini da shi: "Na manta yadda muryata take." Na rasa inda zan sa idona. Duk kaset ɗin wasanninmu da suka rage, gangata ta danne ta, ba a jin komai sai ni. Muryar Lorna a wuri ɗaya tak ta rage a duniya, ƙarƙashin fentin Gaz. Muka yanke shawarar fitar da kundin waƙoƙin nan goma, muka kuma samu wani ƙaramin kamfani da ya yarda zai buga.

Wata ranar Lahadi da safe sai ga Gaz a ƙofata, fuska kamar an aiko shi da mummunan labari.

"Duncan, na yi ɓarna."

"Wace iri kuma? Motar ce?"

"Tef ɗin. Aron injin kunnawa na yi, na ce bari in ɗan ji ko yana nan. Minti huɗu kawai, na rantse."

Ya miƙo mini hannu. Yatsunsa duk wani gari ne mai ruwan ƙasa, kamar ya taɓa tsatsa.

"Wannan mene ne?"

"Waƙar farko ce," in ji shi.

Waƙar farko ita ce wadda Lorna ta yi wa mahaifinta, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, da ya rasu mako guda kafin mu shiga situdiyo. Ita ce ta fi ambata a allonta. Ban zagi Gaz ba, don ya riga ya zagi kansa tun daga gida. Sheila ce ta kwatanta mana rumfar Glenys.

Muka tarar da wata tsohuwa gajeriya, da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a ka. Ta karɓi kwalin, ta daɗe tana kallon rubutun da ke jikinsa, har na ɗauka idonta ne ba ya gani. Sannan ta buɗe, ta shinshina.

"Wane gwani ne ya kunna shi?"

Gaz ya ɗaga yatsa kamar ɗan aji uku.

"Sannu da ƙoƙari. Kai da furfura har a gira, a ba ka abin da ya shekara talatin yana shan damshi, ka ce bari ka ɗanɗana? To minti huɗun nan sun tafi, ko uwarka ce ni ba zan iya dawo da su ba. Saura kuma sai na gasa."

"Ki gasa?" in ji Gaz. "Haba Madam, burodi ne?"

"Da burodi ne da ka cinye. Zafi ne zai kori damshin, ya sa fatar tef ɗin ta sake kama jikinta na ɗan lokaci. Kwana uku. Bayan nan sau ɗaya zan iya kunna shi in kwashe abin da ke ciki. In ya wuce, ya wuce. In ya zube, ya zube. Kada wanda ya buga mini waya."

Ban taɓa ganin kwana uku masu tsawon waɗannan ba. Abinci ya ƙi shiga. Kullum da la'asar sai in tsinci kaina a layinsu Glenys, ina tafiya a hankali kamar mai neman makullin da ya yar, ina kallon wayar lantarkin da ta shiga rumfar. In aka ɗauke wuta fa? In zafin ya zarce fa? Rana ta biyu ta leƙo ta taga ta ce, "Kai mai ganga, zagayenka ba ya ƙara masa ko digiri ɗaya, je ka gida." Mafi muni, ba mu gaya wa Lorna ɓarnar Gaz ba, gashin kawai ta sani. Safe da yamma saƙonta yana shigowa wayata: "Yaya ƙwan namu? Ya kusa fashewa?" Ni kuma in amsa da hoton kaza, kamar mutumin banza.

Ranar Alhamis da hantsi muka hallara mu uku. A bakin ƙofar rumfar Gaz ya tsayar da Lorna ya faɗa mata ya kankare waƙar mahaifinta, kansa a ƙasa. Ta ciro allonta. Muka tsaya jiran zagi, kuma da mun samu da ya fi mana sauƙi. Ba ta rubuta komai ba. Sai ta sa hannun rigarta tana goge allon da babu komai a jikinsa, ta mayar da shi jaka, ta shige ciki.

Glenys, ke ce kika yi awa biyu kina warware tef ɗin nan da hannu kafin ki bari inji ya taɓa shi. Duk inda aka haɗa waƙa da waƙa tsohon gam ya saki, kina bin ɗan farin layin fensir da ke wurin kina sake haɗawa, reza tana rawa a yatsunki, numfashinmu yana rawa tare da ita. Ba ki yi kuskure ko sau ɗaya ba. Na yi mamakin yadda ba kya ko tsayawa neman layin, kamar kin san inda yake.

Glenys ta tsallake inda Gaz ya kankare, ta danna maɓallin kunnawa. Sai ga jita, sai ga gangata, sai ga Lorna 'yar shekara ashirin da shida ta cika rumfar. Ba wanda ya kalli wani. Ni dai idona yana kan tef ɗin da ke wucewa, ina ganin ɗan gari yana taruwa kaɗan kaɗan a bakin injin, ina roƙon ya kai. Waƙa ta biyu ta wuce, ta uku, har ta goma. Tara muka samu cif. Lorna tana zaune a kan kujerar roba, ta gyaɗa kai, ta yi murmushin da ake yi don kada a ɓata wa mutane rai.

Gaz ya miƙe zai fara godiya.

"Zauna," in ji Glenys. "Wa ya ce maka an gama?"

Tef yana ta juyawa, ba a jin komai sai shuu. Minti ɗaya, minti biyu. Naɗin ya kusa ƙarewa. Sai muka ji tari, muka ji wata murya ta ce, "To, mu je." Sai jitar Gaz ta shigo a hankali da farkon waƙar mahaifin Lorna.

Ba wadda muka sani ba ce. Wannan ita ce ɗauka ta farko, ta safiyar da muka fara aiki, wadda muryarta ta karye a baiti na ƙarshe, ta yi shiru, ta haɗiye kuka, ta ƙarasa da ƙyar. Lorna ta ɗora hannu a wuyanta, leɓunanta suna bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Gaz ya juya yana kallon bango. Ni kuwa na yi kuka, ba na ɓoyewa, irin na majina.

Da wutsiyar tef ɗin ta fice daga injin, Gaz ya ce, "Ai an zubar da wannan. A gabana mai haɗa sauti na situdiyon ya ce a yanke a jefa kwandon shara. Wa ya sa shi a nan?"

"Ni," in ji Glenys, tana goge bakin injin da auduga. "Ni ce nake zaune bayan injin tef a situdiyo kwana taran nan. Kai ne mai sukari cokali uku, mai ganga ba ya shan madara. Kun ɗauka mai dafa shayi ce, ni kuma ban ga amfanin gardama da yara ba. An ce in yanke, na yanke. Amma ni ba na jefa muryar mutum a shara, ballantana wadda yake yi wa ubansa kuka. Na naɗa ta a wutsiyar tef ɗin."

"To me ya hana ki faɗa mana tun ranar Lahadi?" na ce. "Kin ga yadda na rame kuwa?"

"Na san ko wani ya yanke ta a bayana? Ba na yi wa mutum alkawarin abin da ban ji da kunnena ba."

Na ɗauko kwalin na duba. Rubutun jikinsa nata ne. A ciki kuma ga takardar godiyar da muka tsara tun wancan lokaci, da rubutun hannuna. Mutum talatin da ɗaya muka gode wa, har da kyanwar situdiyo, da sunanta. Babu Glenys. Kunya ta rufe ni, har yau kuma ba ta gama sakina ba.

Lorna ta ciro allo ta rubuta kalma ɗaya: "Sake."

"Tef ɗin ya gama aikinsa, 'yar nan," in ji Glenys, ta nuna mata audugar da ta koma ruwan ƙasa. "Amma na kama ki, kina cikin kwamfuta. Sau nawa kike so?"

Sau huɗu muka ji.

Kundin ya fito a watan Maris, faifai ɗari biyar, kuma waƙar da muryar ta karye ita ce ta buɗe shi. Duniya ba ta girgiza ba. Mutum arba'in da wani abu suka zo shagon faifai ranar ƙaddamarwa, rabinsu masu sanƙo irina. Glenys ta zo da lemarta, ta juya bayan kwalin faifan, ta ga sunanta a sama da namu, ta sauko da tabarau na biyu ta sake dubawa.

"Gangarka ta yi yawa a waƙa ta shida," ta ce mini. "Tun a lokacin na so in faɗa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Glenys mai reza, ke ce kika ajiye mana abin da mu masu shi muka bari a zubar, ya zauna shekara ashirin da takwas ba tare da mun san sunanki ba. Mun gode, ni da Gaz da baki, Lorna da allo. Injin ƙyanƙyasar zai koma wajen kaji, na ji, kuma ina fata za su san darajarsa. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi hannunta: kada ku yi saurin jefar da abin da aka ce ya lalace. Mu kuma da muke tsayawa a gaba ana tafa mana, gobe in wani ya ajiye muku shayi a wurin aiki, ku ɗaga kai ku dube shi, ku tambayi sunansa. Ni sai da na yi furfura na tambaya.